Kirsimetin Miji da Mata a Ƙasar Waje

Ranar 25 ga Disamba takan riski wasu ma'aurata 'yan asalin tsakiyar Jihar Katsina a ƙasashen da ke nesa da gida. Yawancinsu karatu ne ya fitar da su, ko aikin jinya, ko koyarwa. Ba su da yawa, domin a ƙasar Makera da Dutsin-Ma da Kurfi kusan kowa Musulmi ne, Kiristoci kuwa 'yan tsiraru. Amma yadda suke yin wannan yini ya shafi kowane mai karatu, ko da bai taɓa leƙa majami'a ba, don abin da ke samunsu shi ne ke samun Musulmin da Sallah ta tarar a Landan ko Beijin. Bikin da aka saba yi da gari guda ne yake faɗowa a kan mutum biyu.

Kiristancin ƙasar Katsina bai daɗe da kafuwa ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan wa'azi a cikin masarautun Musulmi, kuma ƙofar da ta fara buɗe musu ita ce ta jinya. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, ta karɓi kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, kamar yadda ta karɓi Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya riga ya fito tun 1932. Daga baya addinin ya sami karɓuwa a tsakanin Maguzawa, musamman wajen Malumfashi da Kafur, kuma a 1954 majami'un SIM suka zama ɗarikar ECWA. Ɗarikar Angilika ta buɗe dayosis ɗinta na Katsina a 1990, Katolika kuma ta yanke nata daga na Sakkwato a 2023, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, ya zama bishop na farko. A cikin garin Dutsin-Ma akwai wani rukunin Kiristoci, wato baƙi: 'yan kasuwa, ma'aikata, da malamai da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Waɗannan da yawansu sukan tafi garuruwansu kafin tsakiyar Disamba ta wuce. Saboda haka Kirsimetin da ake yi a ƙauyukan tsakiyar Katsina na 'yan ƙasa ne, mutanen da Hausa ce harshen addu'arsu, kuma ba wuya ka tarar da kawu ko goggo Musulmi a cikin danginsu.

A gida bikin yana zuwa a lokacin da ya fi kowane dacewa da manomi. An gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, an sayar da wake da gyaɗa, hunturu ya sauko. Makonni kafin ranar ake kai ɗinki wurin tela, a je kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ko wata kasuwar kusa a sayo akuya da shinkafa da man gyaɗa. Mata su yi kitso da lalle, a soya cincin a cika bokiti. A gidaje da yawa maƙwabci Musulmi ake kira ya yi yankan, don kada wani ya ƙi cin naman. Da safe a tafi sujada cikin sababbin kaya, 'yan Zumuntar Mata da ankonsu suna kaɗa tulu da caki, matasa su yi wasan kwaikwayon haihuwar Yesu kamar yadda Luka da Matiyu suka ba da labarinta. Sujadar takan ja awa uku ko fiye, ba mai duba agogo. Ana tasowa sai rabon abinci: yara ɗauke da kwanuka suna shiga gida gida, na Kirista da na Musulmi, ana ba su tukwici. Gidan da aka kai wa shinkafa a Disamba shi zai aiko da nama ranar Babbar Sallah. Ƙofa a buɗe take har dare, kuma ba wanda ake tambaya dalilin zuwansa. Ranar 26 ma hutu ce a Najeriya, a yi ziyarar ƙauyuka da rawa a filin majami'a, wasu kuma a makon suke sa ranar ɗaurin aure tunda 'yan birni sun dawo.

Wanda ya tashi a cikin wannan, in ya sami kansa a waje, abin da ya fara yi masa wuya shi ne yanke shawarar cewa bana ba zuwa gida. Kuɗin jirgi zuwa Abuja ko Kano yakan yi tashin gwauron zabi a Disamba, domin 'yan Najeriya daga ko'ina a lokacin suke tururuwar dawowa. Ma'aikatan asibiti da gidajen kula da tsofaffi ba kasafai ake ba su dogon hutu a wannan mako ba, sabon zuwa kuwa shi ake fara sa wa a jadawalin aiki. Sannan ga matsalar tsaro. Dutsin-Ma da Kurfi suna maƙwabtaka da Safana da Batsari, ɓangaren dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka addabi mutane shekara da shekaru. Ɗaliban sakandaren Ƙanƙara, su fiye da 300, a Disamban 2020 aka sace su. Wanda aka san daga Turai ya dawo, ana ganin da kuɗi ya zo, ko da bashi ya ci ya sayi tikiti. Shi ya sa sau da yawa iyaye da kansu suke cewa a zauna tukuna. Wannan magana ba ƙaramin ciwo gare ta ba, ga mai faɗa da mai ji.

Wasu ma samun kansu su biyu a wuri guda ya zama rabo. Daga 1 ga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban ƙasashen waje zuwa da iyalansu, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, daga 11 ga Maris na shekarar kuma dokar ta hau kan masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Tun daga nan aka sami ƙarin gidajen da miji ke Katsina mata na Ingila, ko akasin haka.

Shirin biki a waje da aiken kuɗi yake farawa, ba da cefane ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta abin da 'yan Najeriya mazauna waje suka turo gida a 2023 da kusan dala biliyan 20, kuma Disamba na cikin watannin da aiken ya fi yawa. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, sai 'yan gida suka ɗauka fam ɗari ba komai ba ne ga wanda ke can, alhali a can kuɗin haya da na ɗumama ɗaki sun riga sun cinye rabin albashi. Miji da mata sukan zauna su jera sunaye: akuyar gidan su miji, buhun shinkafar gidan su mata, atamfar Inna, kuɗin ɗinkin ƙanne, baikon majami'ar ƙauye, da ɗan abin da za a miƙa wa dangi Musulmi don kada su ji an ware su. A nan ne gardamar farko takan tashi, domin kowanne yana jin nauyin nasa dangin. Ma'auratan da suka daɗe a waje sun koyi raba kuɗin tun Nuwamba, su sanar da gida adadin, a rufe maganar.

Sai abinci. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin su Najeriya, Amurka ma ta hana naman, don haka kilishi da dambun nama da man shanu ba sa wuce filin jirgi. Abin da ake roƙon mai zuwa ya taho da shi shi ne busassun kayan miya: kuka, kuɓewa, daddawa, yaji, citta. Sauran sai dabara. Garin shinkafa ko samolina ya maye gurbin dawa, man gyaɗar kwalba ya shiga miyar taushe, a nemi kabewa da alayyafo a shagon Indiyawa. A Landan unguwar Peckham ta yi suna da shagunan 'yan Najeriya, amma kayan kudu sun fi yawa a can, garin kwaki da agushi da manja, kayan arewa sai an tona. Naman akuya kuwa wurin mahautan halal ake samunsa, 'yan Pakistan ko Turkiyya ko Somaliya, kuma Kiristan Katsina ya fi sakin jiki da wannan naman da ya san irin yankansa. Zoɓo ba ya wuya, saboda mutanen Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan shi ne abin shansu na Kirsimeti, shagunansu cike suke da shi a Disamba.

Ita kanta ranar, a Ingila, cikin duhu take farawa. Rana ba ta fitowa a Landan sai bayan ƙarfe takwas, kuma kafin huɗu na yamma ta faɗi, yini bai kai awa takwas ba, alhali a Dutsin-Ma ya haura awa 11. Najeriya tana gaban Ingila da awa ɗaya a wannan lokaci, don haka kiran farko da sassafe ake yinsa, kafin mutanen gida su fita sujada. Akwai tsari a gaisuwar, ba a tsallake kowa. A fara da Baba: "Baba, barka da Kirsimeti, an tashi lafiya?" Shi kuma ya tambayi sanyi, ya tambayi aiki, ya sa albarka. A miƙa wa Inna, ita tambayarta ɗaya ce, me aka dafa. Surukar ta gaishe su da ladabi kamar tana durƙushe a gabansu, sannan waya ta bi hannun ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa, kowa yana nuna sabon ɗinkinsa ta WhatsApp. Inda sabis ba shi da ƙarfi sai wani yaro ya fita bayan gida ko ya hau tudu, hoton yana tsayawa yana tafiya. Kiran yakan ƙare da hayaniyar tsakar gida a kunne, bayansa kuma ɗakin ya yi tsit. Wannan ne lokacin da ya fi nauyi a yinin, kuma gara miji da mata su san da zuwansa, su tanadi abin yi nan take.

Zuwa majami'a ma ba kai tsaye ba ne. A ranar Kirsimeti jiragen ƙasa ba sa aiki a Birtaniya, a Landan har bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa suna hutu. Wanda ba shi da mota sai ya taka zuwa majami'ar da ta fi kusa, ko ya biya tasi kuɗi mai tsada. A majami'ar Turawa sujadar awa ɗaya ce ko ƙasa da haka, a yi waƙa a tsaye cik, a gaisa a bakin ƙofa, kowa ya nufi gidansa. Majami'un 'yan Najeriya suna da yawa, majami'ar Redeemed kaɗai tana da rassa ɗaruruwa a ƙasar, kuma a can akwai kiɗa da rawa da shinkafa dafa-duka. Sai dai Turanci da Yarbanci da Ibo ne ke tashi. Bahaushe Kirista yakan sha tambaya daga 'yan ƙasarsa na kudu, wai ashe akwai Kirista a Katsina, wasu ma su ɗauka sabon tuba ne, alhali kakansa ne ya fara shiga majami'a. A gida addininsa ne ya sa shi cikin 'yan tsiraru, a waje kuma harshensa. Inda yake samun sauƙi shi ne wurin 'yan Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Gombe, waɗanda suka tashi da Littafin Waƙoƙi iri ɗaya da sujada da Hausa. Inda irin waɗannan suka kai gida biyar ko shida a gari ɗaya sukan haɗu a falon wani su yi waƙoƙin gida. Inda babu, sai a kunna bidiyon Zumuntar Mata a YouTube ana girki.

Al'adar masu masauki ta sha bamban da ta gida ta fuskar da ta fi muhimmanci. Kirsimetin Bature bikin cikin gida ne: iyali su rufe ƙofa, su buɗe kyaututtukan da aka jera ƙarƙashin bishiya, su ci gasasshen talotalo da dankali, ƙarfe uku na rana wasu su saurari jawabin Sarkin Ingila, al'adar da Sarki George na Biyar ya fara ta rediyo a 1932. A Ingila manyan shaguna a rufe suke bisa wata doka ta 2004, tituna ba kowa. Ba a zuwa gidan mutum sai da gayyata, kuma gayyatar tun makonni ake yinta. Matar da ta zuba shinkafa da miya ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya za ta iya samun godiya mai yawa, za ta iya kuma samun kallon mamaki. Ba rowa ba ce, haka suka gada. Akwai majami'u da ƙungiyoyin sa-kai da ke shirya abincin rana don waɗanda ba su da kowa, wasu iyalai kuma sukan gayyaci ɗaliban ƙasashen waje, kuma baƙon da aka yi wa irin wannan tayi bai kamata kunya ta hana shi amsawa ba.

A wasu ƙasashen lissafin daban ne. A Jamus daren 24 ne babban biki, 25 da 26 kuma hutu. A Amurka ranar 25 kaɗai ce hutun tarayya, kuma tazarar lokaci tana wahalar da kira: Najeriya tana gaban New York da awa shida, Houston da awa bakwai, don haka lokacin da ma'aurata suka farka a Texas, a gida an riga an taso daga sujada ana rabon abinci. A Saudiyya, inda likitoci da ma'aikatan jinya 'yan Najeriya suke aiki, babu ginin majami'a, kuma 25 ga Disamba ranar aiki ce in ba ta faɗo Juma'a ko Asabar ba. Miji da mata su yi addu'arsu a ɗaki bayan an tashi aiki. A Dubai akwai majami'u, amma ranar ba ta cikin hutun gwamnati. A Masar da Habasha da Rasha manyan majami'un ƙasa 7 ga Janairu suke bikin, saboda a tsohon lissafin da suke bi ranar tana zuwa bayan wadda aka sani da kwana 13, sai baƙo ya yi nasa a Disamba shiru, ya sake taya masu gari nasu bayan mako biyu. Mafi sauƙi duka ita ce Nijar. Wanda aiki ya kai Maraɗi ko asibitin Galmi, wanda SIM ta buɗe a 1950, ya tsallaka iyaka ne kawai: sujada da Hausa, hunturu iri ɗaya, tuwo iri ɗaya, kuma ta Jibiya gida ba nisa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda yinin ke gwada auren kansa. A gida girkin biki aikin mata da yawa ne, uwar miji da matan 'yan'uwa da 'yan mata, maza kuma suna waje wajen fiɗa da karɓar baƙi. A waje ba kowa sai su biyu. In maigida ya zauna jiran a kawo masa kamar yadda ya ga mahaifinsa na yi, matar da wataƙila daren jiya a asibiti ta kwana tana aiki za ta yi bikin a tsaye gaban murhu, ta ƙare shi da ɓacin rai. Mazan da suka gane sukan karɓi yankan albasa da suyar nama da wanke-wanke ba tare da an roƙe su ba. In ɗaya yana aiki ranar, sai a matsar da cin abincin zuwa dare ko washegari, kuma ba abin da ya ragu. A gida in saɓani ya taso akwai goggo ko matar fasto da za ta shiga tsakani kafin magariba. A waje babu, sai su biyun su sauko da kansu.

Baƙin da suka fi cika gurbin dangi sau da yawa Hausawa Musulmi ne. Ɗalibi daga Kano ko Katsina ko Damagaram da ke zaune a ɗakin jami'a, makaranta a rufe, gari a rufe, ba abin da ya fi masa daɗi kamar a kira shi cin tuwo da miyar kuka. Naman na halal ne, ba giya a teburin, in lokacin salla ya yi a nuna masa ɗaki ya shimfiɗa darduma. Haihuwar Annabi Isa ba baƙon labari ba ne gare shi, yana cikin Suratu Maryam, ko da yake fahimtar addinan biyu game da shi ta bambanta, kuma kowa ya san iyakarsa. Hira takan koma kan farashin masara, da labarin hanyar Ƙanƙara, da wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a can ƙafar ba ta tambayar addini. In Sallah ta zo, su ma'auratan ne za a kira.

Zuwan 'ya'ya yana sauya tsarin. Yaron da ke makarantar Turawa zai dawo da maganar Baba Kirsimeti da jerin kyaututtukan da yake so, abin da iyayensa ba su sani ba suna yara, don su sabon kaya da takalmi ne kyautarsu. Yawancin gidaje sukan haɗa biyun: a kafa ƙaramar bishiya a falo, a kuma aiko da ɗinki daga telan gida tun Oktoba, a sa yara su gaishe da Kaka da Hausa ko da kalma biyar ce suka iya. Iyayen da suka yi sakaci da wannan sukan tarar bayan 'yan shekaru kiran safiyar Kirsimeti ya koma na tafinta, jika da kaka suna kallon juna a waya ba mai jin wani.

Ranar 26 hutu ce a Birtaniya, shaguna su buɗe da rangwame, a buga ƙwallon Firimiya, amma ma'aikacin jinya ko mai gadi sau da yawa ya riga ya koma bakin aiki. Hotuna da bidiyon rawar filin majami'a sukan ci gaba da shigowa daga gida har Sabuwar Shekara, wadda ita ma a daren 31 ake raya ta da sujada, a gida da waje. A Janairu kuɗin jirgi yake sauka, shi ya sa ma'aurata da yawa suke ɗage zuwa gida sai Fabrairu ko lokacin Ista, su sauka a Kano ko Abuja, su kwana a birnin Katsina, su shiga ƙauye da rana ba tare da an yi shelar zuwansu ba.